Tafintar Sujada ta Biyu

Talata, 6 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Wannan littafin na saye shi ne don kalmomin wa'azi masu wuya, waɗanda nake nema wa Hausa kafin Lahadi. Shafi uku kawai na ci. Yau na juya shi ta baya zan rubuta wani abu dabam, kuma da Hausa, don duk mai iya ɗaga shi a gidan nan Faransanci kawai yake karantawa.

Monsieur Bertrand na ofishin su mijina Barthélemy ya zo da ƙarfe biyu. Bai taɓa zuwa gidanmu ba. Ya ƙi ruwa, ya zauna a bakin benci yana juya makullin motarsa. Ya ce mijina da direbansu Mahamat sun bar Marwa ranar Asabar da safe, za su gyara famfon burtsatse a wani ƙauye bayan Mora. Ba su isa ba. An ga motar.

Na ce, "An ga motar. Su fa?"

Ya ce, "Madame, akwai masu bin maganar. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki gaya wa kowa. In ta fita ta shiga rediyo, su za ta ƙara wa wuya. Fastonku kaɗai, in ya zama dole."

Sauran abin da ya faɗa ba zan rubuta ba. Na raka shi bakin ƙofa, har na ce ya gai da gida. Da na dawo na tarar shinkafar ta kama.

Laraba, 7 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Na kira lambarsa sau tara. Matar nan ta cikin waya ta ba ni haƙuri sau tara.

Alhamis, 8 ga Agusta, bayan azahar

Hajja Kaltumi, da katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha tara, ta leƙo tana neman rariya. Ta ce, "Maman Elen, mai gidan bai dawo ba? Famfon unguwa ya fara tari, shi nake jira."

Na ce aiki ya riƙe shi, yana lafiya. Bakina ya faɗa sumul, ko tuntuɓe babu. Ashe na iya.

'Yata Hélène ta kira daga Ngaundere, tana cikin jarrabawa. Ta ce ta nemi Papa ba ta samu ba. Na ce ai ta san can babu rezo, waya ba ta kamawa. Ta yi dariya ta ce in ya dawo in ja masa kunne. Ƙarya biyu ke nan a yini ɗaya, daga bakin da ke tsayawa a gaban ikkilisiya.

Asabar, 10 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya wa Fasto Danwé. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Mun yi addu'a, ban ji ko kalma ɗaya ba, kunnena yana kan wayar da ke cikin jaka.

Ya ce in huta da fassara gobe. Na ce wa zai yi? Sujada ta biyu ta mutanenmu ce da suka ƙetaro daga Najeriya shekarun baya, yawancinsu ba Faransanci ba Fulatanci. Fasto kuwa Hausarsa ba ta wuce sannu da aiki ba. Shekara takwas ban taɓa fashi ba, har ranar da aka cire mini haƙori da kumburarren kumatu na tsaya. In ban tsaya gobe ba, kafin a tashi zumuntar mata ta cika mini gida da tambaya.

Ya ce, "To, Maman Hélène, ki sani watan nan duka a kan salama zan yi magana. Tun Yuni na tsara, ba don ke ba."

Na ce ba komai. Ina fita na ji kamar in koma in yaga masa takardun.

Lahadi, 11 ga Agusta, ƙarfe ɗaya da rabi

Aikin tafinta haka yake: ki tsaya rabin taku bayan mai wa'azi, ki bar shi ya kai aya, ki ɗauka. Ba kya cewa "ya ce". In ya ce ni, ke ma ni za ki ce. Mahaifiyata, wadda ta kawo Hausarta daga Mubi ta zuba mini ita tun ina goye, ta sha cewa da wannan surutun nawa wata rana sai an biya ni in yi shiru. Ba ta ga ranar da aka ba ni makirufo ba.

Yau Fasto ya ɗaga hannu ya ce, "Je n'ai pas peur." Ya juyo yana jirana.

Mutum ɗari da wani abu suna kallona. Na ce, "Ba na jin tsoro."

Suka ce amin. Ya ji daɗin amin ɗin, ya maimaita. Na maimaita. Sau uku na gaya wa mutanen da suka bar gidajensu suna cin wuta cewa ba na jin tsoro. Ina jin tsoro. Ina jin sa a ciki, a wuya, har a tafin ƙafa. Na rubuta a nan don a samu wuri ɗaya da na faɗi gaskiya.

Litinin, 12 ga Agusta, da safe

An yi ruwa sosai. Bai tafi da rigar ruwa ba, tana nan rataye a bayan ƙofa.

Laraba, 14 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Na hau moto, babur ɗin haya, na je unguwar Rumde Aja neman gidan Mahamat. Matarsa Halime 'yar Kuseri ce, doguwa, ba za ta wuce shekara talatin ba, da yara uku. Tana jin Larabcin can da Fulatanci da Hausa, Faransanci kuwa ko bonjour da ƙyar. Bertrand ya je wurinta shi ma, ya yi mata bayani da Fulatancinsa na kasuwa. Abin da ta fahimta shi ne mota ta lalace, kuma kada ta faɗa wa kowa.

Ta kira ni yaya da Fulatanci, ta ce, "Adda, in mota ce ta lalace, mene ne na ɓoyewa?"

Ni na gaya mata. Ta ajiye taɓaryar da ke hannunta a hankali, ta kora yaran waje, ta zauna a kan turmi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Shi ya sa surukata ta yi mafarkin takalmi."

Mun yi shawara: duk lokacin da Bertrand ya kira, ni zan ji, in zo in faɗa mata. Da zan tafi ta ƙulla mini kuɓewa busasshiya a leda. Na ce ta bari, ta ce ba a fita gidan Mahamat hannu sake, ko yana nan ko ba ya nan.

Jumma'a, 16 ga Agusta, ƙarfe uku

Bertrand ya kira. Ya ce jiya an samu magana da mutanen da ke riƙe da su. Ya ce, "On a entendu une voix."

Une. Ɗaya. An ji murya ɗaya.

Na ce ta wa? Ya ce wanda ya ji bai san su ba, kuma layin ba kyau, kuma in yi courage, wato ƙarfin hali. Kalmar nan ta courage, in na sake jin ta daga bakinsa zan iya jifansa da waya.

Na je wurin Halime kamar yadda muka yi alkawari. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta hango ni tun daga kwana. Ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "An ji muryarsu."

Ta durƙusa a nan cikin taɓo ta sa goshi a ƙasa.

Shekara takwas ban taɓa ƙara wa mai magana ko wasali ba. Wani baƙon mai wa'azi ya taɓa zagin masu shan giyar bilbil, rabin dattawanmu suna zaune, na juya zagin yadda yake ban rage ba. Yau na mai da ɗaya biyu.

Asabar, 17 ga Agusta, da safe

Na yi addu'a muryar ta zama ta mijina. Sai da na ce amin na gane abin da na roƙa a kan Halime.

Lahadi, 18 ga Agusta, ƙarfe biyu

Kalmar yau contentement. Fasto ya yi magana a kan manzo Bulus, yana tsare a kurkuku, yana rubuta wa mutane cewa ya koyi zama da abin da ya samu, ko ƙoshi ko yunwa. Na juya kalmar da wadar zuci.

Bayan an tashi Baba Ishaya ya tare ni a ƙofa. Tsoho ne daga Gwoza, shi ne alƙalin Hausata, duk Lahadi sai ya kawo gyara kamar mai karɓar haraji. Ya ce, "'Yata, wadar zuci ta mai ɗan abu ce a hannu. Wanda ke kurkuku dangana yake yi. Dangana za ki ce."

Na ce, "Baba, dangana ta wanda ya riga ya binne ce."

Da ƙarfi na faɗa, har mata suka juyo. Tsohon ya dube ni. 'Ya'yansa biyu ba a taɓa ganin ko gawarsu ba, kowa ya sani, ni ma na sani. Ya ce, "Haka ne, 'yata," ya ɗauki sandarsa. Kunya ta hana ni cin abinci.

Abin da ya tsaya mini a wa'azin ba wadar zucin ba ce. Koyon ne. Ya ce ya koya. Ke nan akwai lokacin da bai iya ba, akwai ranar da shi ma ya zauna cikin tsoro. Wa ya koya masa, kuma kwana nawa ya ɗauka? Wannan ba a rubuta ba.

Talata, 20 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya

Ina shanya sai na hango mata biyar sun shigo layinmu, sun yafa mayafi, suna tafiya a hankali ba mai magana. Na san irin tafiyar. Tafiyar gaisuwar mutuwa ce. Na riƙe igiyar shanya, na ce Yesu, Yesu, ban iya ƙara komai ba. Suka iso daidai ƙofarmu. Suka wuce. Gidan mai gyaran keke suka shiga, tsohuwarsa ce ta rasu da asuba.

Na ji daɗi. Tsohuwar da ke ba Hélène gyaɗa tana ƙarama ta mutu, ni kuwa na ji daɗi. Ga abin da tsoro ya mai da ni.

Laraba, 21 ga Agusta, da yamma

Hajja Kaltumi ta aiko da tuwo da miyar yakuwa. Ta biyo bayan kwanon da kanta, ta zauna, ta yi ta ba ni labarin tsadar albasa. Ba ta sake tambayar mai gida ba, ko famfo ba ta ambata ba. Da za ta tashi ta ce, "Maman Elen, Malam mai gidana yana sa ku a addu'a bayan kowace salla. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban tambaye ki ba."

Na ce na gode. Ta san wani abu. In ta sani, wa kuma ya sani? In ta kai rediyo fa?

Alhamis, 22 ga Agusta, ƙarfe huɗu

Hélène ta ce, "Mama, muryarki ba daidai take ba." Na ce mura ce. Ta ce Papa bai taɓa yin sati biyu bai kira ta ba, ko a kan dutse yake sai ya nemi rezo. Na ce ta gama jarrabawarta tukuna. Ta ce, "Tukuna me?" Na ce gawayi yana ƙonewa, na kashe.

Kogin Binuwai ya cika har ya taɓa gonakin bakin gada. Bertrand bai kira ba kwana shida.

Asabar, 24 ga Agusta, ƙarfe biyar da rabi

Na je karɓar kan wa'azin gobe, na ƙare da gaya wa Fasto maganar murya. Na zaci zai ce ba komai, don tausayi na yi. Ya ce, "Ki gaya mata gaskiya."

Na ce, "Fasto, ka san abin da kake cewa? Matar nan da wannan kalmar take tsaye."

Ya ce, "Ke kuma da ita kike faɗuwa."

Raina ya ɓaci. Na ce shi yana da sauƙin magana, matarsa tana gida, shi yana gida. Na ce sati biyu ke nan ina shelar salama da bakinsa, ko ƙyallinta ban gani ba, in akwai inda ake rabawa ya nuna mini layin.

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi. Ya ce shi ma tun ranar da na gaya masa bai yi barcin kirki ba, Barthélemy ne ya haƙa rijiyar majami'ar nan da hannunsa. Ya ce gobe zai yi maganar almajiran Yesu a cikin jirgi, iska tana neman kifar da su, shi kuwa Ubangiji yana barci a kan matashin kai. Ya ce, "Ba su yi shiru don ladabi ba, Maman Hélène. Tashinsa suka yi da ihu, har da zargi. Kuma bai fita daga jirgin ya bar su ba. Ke kina yi masa ladabi ne kawai. Ki tashe shi."

Na ce zan duba yadda ake cewa matashin kai na cikin jirgi. Na fito.

Lahadi, 25 ga Agusta, ƙarfe ɗaya

Na fassara. Baba Ishaya bai kawo gyara ba. Ya riƙe hannuna a ƙofa ya sake.

Talata, 27 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Na je Rumde Aja da niyyar faɗa. Duk hanya ina jera maganar a kan moto.

Na tarar ta wanke manyan rigunan Mahamat duka, ta shanya su layi guda. Ta sa lalle. Ta dafa mini shayi mai citta, ta ce, "Adda, wallahi tun ranar da kika ce an ji muryarsa nake barci. Da can sai in ga gari ya waye ina zaune. Allah ya saka miki."

Na sha shayin. Na yaba lallen. Na dawo da maganata a ciki yadda na tafi da ita.

Alhamis, 29 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Jiya da la'asar na rufe ɗaki na yi abin da Fasto ya ce. Ban durƙusa ba, ban haɗa hannu ba. Na tsaya a tsakar ɗaki na yi wa Ubangiji faɗa da Hausa, yadda mahaifiyata take yi wa mahaifina in ya dawo a makare. Na ce ina yake. Na ce mutumin nan ruwan sha ya je ba mutane. Na ce ina jin tsoro, na yi ƙarya, na roƙi ran mijina a kan ran mijin wata, kuma in aka sake ba ni zaɓi zan sake roƙa, ya san da haka. Na yi kuka har majina.

Bayan nan ban ji wata murya ba, ba abin da ya sauko. Amma na kira sunayensu su biyu, Barthélemy da Mahamat, kuma a karon farko na biyun bai maƙale mini a wuya ba. Na fito na zauna ina tsinke yakuwa. Sai da na cika kwano na lura na yi kusan awa ɗaya ban taɓa waya ba. Na ci tuwo har na ƙara.

Yau da safe tsoron ya dawo wurinsa. Amma awa ɗayan nan ta faru, na rubuta ta don kada in musa daga baya.

Asabar, 31 ga Agusta, da rana

Fasto ya tafi Marwa tare da Bertrand. Matarsa ce ta gaya mini, ta ce bai faɗi dalili ba. Gobe baƙo ne daga Ngaundere zai yi wa'azi.

Me ya sa za a tafi da fasto? Don me ake tafiya da fasto?

Lahadi, 1 ga Satumba, ƙarfe ɗaya saura, a tashar mota

Motar ba ta cika ba, gara in rubuta.

Wayata tana cikin jaka a kashe, kamar kullum in ina kan aiki. Ashe Fasto ya kira ni bai samu ba, sai ya kira dattijon da ke tattara sanarwa ya ce a gaya mini. Shi kuma ya rubuta a takarda, takardar ta shiga cikin sauran, aka miƙa wa baƙo. Baƙon bai san ni ba, bai san komai ba. Ya karanta taron matasa, na juya. Ya karanta ranar sharar majami'a, na juya. Ya ce, "On a retrouvé le frère Barthélemy et son chauffeur."

Na ce, "An sami ɗan'uwa Barthélemy da direbansa."

Ya ce iyalansu su zo Marwa yau. Na ce iyalansu su zo Marwa yau. Sai da na kai aya na ji abin da bakina ya faɗa.

Mutane suka dubi juna. Ba wanda ya san ma sun ɓata. Daga baya can Baba Ishaya ya miƙe ya ce, "Da rai?"

Ni kuwa, don sabo, na juya wurin baƙon na mayar masa da tambayar da Faransanci. Ya duba takardar. Ya juya bayanta. Ba komai a bayan.

Kalmar nan retrouvé, da ita ake samun yaron da ya ɓata a kasuwa, da ita ake samun wanda kogi ya tafi da shi.

Na kira Fasto. Ya ce sojoji ne suka kawo su asibiti da safe, ba a bar kowa ya shiga ba tukuna, shi ma a waje yake tsaye. Ya ce in taho da Halime. Tana nan kusa da ni da jakar kaya, ta ɗauko masa riga mai tsabta da hula.

Lahadi, ƙarfe huɗu, mun tsaya a Figil

Na kashe wayar da hannuna. In labarin ya zo a cikin motar nan, kowanne iri ne, fuskata za ta faɗa mata. Ta saya mana dafaffen ƙwai. Ta yi barci a kafaɗata daga Pitowa har nan.

Ya Ubangiji, kana cikin motar nan ko ba ka ciki?

Litinin, 2 ga Satumba, ƙarfe takwas na safe, Marwa

Yana barci. Ina zaune a gefen gadonsa. Ya rame har zoben aurenmu yana yawo a yatsarsa, ƙafafunsa a naɗe, ana ƙara masa ruwa. Yana numfashi, na ƙirga, na sake ƙirgawa.

Mun iso jiya ana kiran magariba. Fasto yana bakin ƙofar asibiti, ya kama hannuwana biyu, bai dubi Halime ba. Likitan ɗan kudu ne, ba Hausa ba Fulatanci. Ya tsayar da mu a baranda ya yi magana da Faransanci, a gajiye, kamar mai karanta takarda. Ya ce Monsieur Barthélemy yana ɗaki na uku, zai tashi. Ya ce direban ya riga ya cika kafin a iso da su, kwana ɗaya ko biyu.

Ƙofar ɗaki na uku a buɗe take, ina hango ƙarshen gadon.

Halime ta ja gefen zanina. Ta ce, "Adda, me ya ce?"

Na dubi Fasto. Fasto ya dubi ƙasa. Duk barandar ba mai iya faɗa mata sai ni.

Na ce, "Ya ce nawa yana da rai. Ya ce Mahamat ya rasu."

Ta yi salati a hankali. Jakar ba ta faɗi daga hannunta ba. Can ta ce, "Amma an ji muryarsa."

Na ce, "Murya ɗaya aka ji, Halime. Ba a san ta wa ba. Ni na ce muryarsu."

Ta dube ni. Ban taɓa son ƙasa ta tsage kamar lokacin ba. Ba ta zage ni ba, da ta zaga da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Ki raka ni in gan shi. Ba na jin yarensu."

Na wuce ƙofar ɗaki na uku ban shiga ba. Muka bi likita zuwa can baya. Na juya mata duk abin da aka tambaya, na juya musu duk abin da ta amsa, na nuna mata inda za ta dangwala yatsa. Ta ba su rigar da hular, suka ce ba a bukata, ta mayar cikin jaka. Sai da 'yan'uwan Mahamat na unguwar Domayo suka zo suka tafi da ita na dawo.

Ɗazu da gari ya waye Barthélemy ya buɗe ido. Ya kira sunana, "Pélagie," ya nemi ruwa. Bai tambayi Mahamat ba, ya sani. Ban yi niyyar tambayarsa komai ba yau, amma ta fito. Na ce ranar da aka ba su waya, wa ya yi magana?

Ya ce, "Mahamat. Ni zazzaɓi ya kayar da ni, ko kaina ba na iya ɗagawa. Shi yake jiƙa rigarsa yana matsa mini a baki." Ya huta, sannan ya ce, "Na ji shi yana ta maimaitawa, ku gaya wa matanmu muna nan mu biyu, mu biyu. Ban sani ba ko an gaya muku."

Ya koma barci.

Ƙarfe goma za a yi jana'iza. Hélène tana hanya, na gaya mata komai. Fasto zai zauna da shi. Ni zan nemi moto zuwa Domayo, akwai saƙon mijinta da ban kai mata ba.